Muhawara: Wane fim ne ya ci kuɗin datarsa, wanne ne ya cinye mana lokaci a banza?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ina so mu faɗa wa juna gaskiya, mu ajiye son jarumi a gefe. Daga 2023 zuwa yanzu an saki finafinai ba iyaka, namu na Hausa, na Kudu, na Indiya, na Turawa, wasu a sinima, wasu a Netflix, mafi yawa a YouTube. Ra'ayina, kuma na san za a yi mini ca: finafinan Hausa ba su taɓa kyan hoto irin na yanzu ba, ba su kuma taɓa raunin labari irin na yanzu ba. Kyamara ta gyaru, sauti ya gyaru, sutura sai wanda ya gani, amma labarin da bai fi a gama shi a awa biyu ba sai a ja shi wata takwas. Wanda yake ganin ba haka ba ne ya kawo hujja, kada ya kawo mana sunan gwaninsa kawai.

Habu Mai Tura Fim:
Wa alaikumus salam Anti. Ni da nake zaune a shago ina tura wa mutane fim a waya, na san abin da kasuwa ke so. Fassarar Indiya ce a gaba, sai masu dogon zango a ranar da suka fito, sai na Turkiyya irin su Ertugrul da Osman wajen magidanta. 'Yan mata kuwa da yawa sun koma na Koriya. Wanda kike cewa ba shi da labari, shi ne in ban sauke shi kafin isha'i ba sai an kusa ɓalla mini ƙofa.

Ummu Hanan:
Habu, a cikin masu ɓalla maka ƙofar, mutum nawa ne za su iya faɗa maka abin da ya faru a kashi goma da suka wuce?

Habu Mai Tura Fim:
Su ma ba sa tambayar kansu, Anti 😂

Ɗan Lokeshin:
Hajiya Ummu Hanan, ba ki faɗi ƙarya ba, amma bari in nuna miki inda gizo ke saƙar, tunda a harkar nake cin abinci, aikin tace hoto nake yi. A zamanin faifan CD, furodusa zai yi fim na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai, a buga a sayar. Dole labari ya ƙare, don wanda ya saya ya biya kuɗin ƙarshen. Wannan kasuwar ta mutu, satar fasaha da wayar hannu suka binne ta, mutane da yawa suka bar sana'ar. Abin da ya dawo mana da numfashi shi ne talabijin, musamman Arewa24 da irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan YouTube. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So ya fito a YouTube, Labarina na Aminu Saira ma a shekarar ya fara, sai kowa ya ga hanya ta buɗe.

To shi YouTube ba don labarinka ya yi ma'ana yake biyan ka ba. Talla yake sakawa ya ba ka kasonka. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, mai awa guda kuwa sai ka jera su yadda kake so. Kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano kuɗinta bai kama ƙafar wadda aka nuna wa mai kallo a Jidda ko Landan ba. Saboda haka kana buƙatar jama'a mai yawan gaske, su daɗe suna kallo, su kuma dawo mako mai zuwa. Ga masu ɗaukar nauyi, masu filaye da masu maganin gargajiya da masu atamfa, su ma kashi-kashi ake yi musu lissafi. Ranar da ka rufe labari, ranar ka rufe shagonka. Shi ya sa muke yin irin na mai koko in ta ga layi ya yi tsawo, a ƙara ruwa a ci gaba da zubawa. Ni da hannuna an sa ni na bar fitowar da mota ta iso, mai gadi ya buɗe ƙofa, aka yi fakin, aka fito, aka gaisa, aka hau bene, ba a faɗi komai ba, don dai a cike minti.

Wani abin kuma, sau da yawa ba a gama rubutu ake fara ɗauka. Ana lokeshin ana jiran marubuci ya turo kashi na gaba. In aka ga masu sharhi sun kamu da son wata jaruma, sai a ƙara mata fitowa ko labarin bai neme ta ba. In jarumi ya yi rigima da furodusa, sai a tura shi karatu ƙasar waje, ko mota ta kaɗe shi.

Zee Zariya:
Allah ya jiƙan duk waɗanda mota ta kaɗe saboda kuɗin sallama.

Ummu Hanan:
Na gode Malam, ka fasa ƙwan. Amma ga abin da ke ɓata mini rai. A watan Maris na 2025 Netflix suka saki Adolescence, na Ingila. Kashi 4 ne kacal. Yaro ɗan shekara 13 aka kama bisa zargin kashe wata 'yar makarantarsu, kuma kowane kashi a ɗauka ɗaya aka yi shi, kyamara ba ta yanke ba tun daga farko har ƙarshe. Ba ma wannan gwanintar ce ta tsaya mini a rai ba. A kashi na uku, yaron ne da wata masaniyar halayyar ɗan Adam a ɗaki ɗaya suna magana kusan awa guda. Babu mota, babu waƙa, amma ba ka iya tashi. Ni malamar makaranta ce, kullum ina ganin yadda waya ke yi mana tarbiyyar yara a bayan idonmu, iyaye na falo sun saki jiki wai yaro na ɗaki ba ya yawo. Wannan ciwon yana gidajenmu na Kaduna da Kano yadda yake a can. Wa ya hana mu yin irinsa? Ɗaki ɗaya da mutum biyu ai ba su fi ƙarfin aljihunmu ba.

Abban Sultan:
Hajiya, wannan haɗin ba adalci a ciki. Ɗauka ɗayan da kike yabo, makonni suka yi suna gwaji kafin a kunna kyamara, kuma ana biyan kowa a duk tsawon lokacin. Namu jarumin yana da lokeshin uku a rana ɗaya, a mota yake karanta abin da zai faɗa. Ɗaki ɗaya ba shi da tsada, lokacin mutane ne ke da tsada.

Zee Zariya:
Yaya Abban Sultan, na yarda da rabin maganarka. To mu bar Turawa, mu je Indiya da muka fi sabawa da su. 12th Fail ya fito a 2023, labarin gaskiya ne na wani yaron ƙauye da ya faɗi jarrabawar sakandare, ya yi ta fama da talauci a Delhi har ya ci jarrabawar manyan ma'aikatan gwamnati ya zama babban ɗan sanda. Babu Shah Rukh Khan a ciki, babu jirgi mai fashewa. Duk wanda ya taɓa zama jiran sakamakon JAMB zai ji fim ɗin a ƙirjinsa. Ga Laapataa Ladies na Kiran Rao, amare biyu masu lulluɓi iri ɗaya a jirgin ƙasa, ango ya ja hannun wadda ba tasa ba. Ku duba fa, mu da muke kai amarya a lulluɓe, wannan labarin a ƙofar gidanmu yake kwance shekara da shekaru, ba wanda ya ɗauka. Da shi aka yi dariya, da shi aka yi maganar karatun mata da sadakin da iyayen amarya ke biya a can, ba tare da kowa ya tsaya ya yi wa mai kallo wa'azi ba. Mu kuwa in za a koyar da darasi sai an zaunar da wani dattijo a kujera ya kalli kyamara ya yi minti bakwai yana nasiha.

Ɗan Lokeshin:
Ƙanwata, ki ƙara da hukuma a lissafinki. Akwai batutuwan da in ka taɓa, kai da fim ɗin sai ku kwana a ofis. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da masu dogon zango 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakin su ba a kai an tace ba. Mutumin da ke sakin kashi duk mako, wanda jiya aka gama haɗa shi, yaushe zai kai a duba a dawo masa da shi? Sai kowa ya zaɓi labarin da ba zai jawo masa magana ba: kishiya, gado, ɗan mai kuɗi da 'yar talaka.

Malam Nura:
A nan kam zan sa baki. Hukumar nan tun 2001 take, dokar kai fim a duba ba jiya aka yi ta ba, kuma wanda ke shugabantar ta tun 2023, Abba El-Mustapha, ɗan fim ne, ba baƙo aka ɗauko muku ba. In tsarin sakin ku na mako-mako bai dace da doka ba, ku gama fim ɗin kafin ku fara saki mana. Ai da hakan ma ya magance abin da Malama Ummu Hanan ke kuka da shi. Abin da ke shiga ɗakunan matanmu da 'ya'yanmu ba za a ce kowa ya yi yadda ya ga dama ba.

Zee Zariya:
Abin mamaki yau na zo layi ɗaya da Malam Nura, ko da yake ta wata ƙofar. Iran ta fi mu tsananin tacewa nesa ba kusa ba, mace ba ta fitowa ba ɗankwali ko a cikin ɗakinta ne a fim, namiji ba ya taɓa mace. A cikin wannan ƙuncin Asghar Farhadi ya yi A Separation, rigimar miji da mata da tsohon uba mara lafiya da 'yar aiki, ya ci Oscar a 2012, ya sake ci da wani fim ɗin a 2017. Saboda haka hukuma na iya hana ka nuna abu, amma ba ita ke hana ka iya rubutu ba. Inda na rabu da Malam shi ne, tacewar da ta fi damuwa da tsawon mayafi fiye da ko labarin na raina hankalin mutane, ita ma da sauranta.

Malam Nura:
Raina hankali ba aikin hukuma ba ne, Malama Zainab, aikinku ne masu kallo. Ku daina kallo ku gani.

Abban Sultan:
Tunda ana neman misali, ni zan kawo Mai Martaba. Ga fim na Hausa, an ɗauke shi a Daura, Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango na ciki, kuma shi Najeriya ta tura gasar Oscar ta 2025. Labari ne mai farko da ƙarshe, ba a ja shi wata takwas ba. Hajiya me za ki ce?

Ummu Hanan:
Zan ce madalla, kuma ina nufin hakan. Amma ka tambayi zauren nan mutum nawa suka gan shi. Fim ya je har Amurka neman kambu, mutanen da aka yi shi da harshensu yawancinsu a Facebook kawai suka ga hotonsa.

Zee Zariya:
Ni na gani, kuma tarihi nake karanta, don haka ku yi haƙuri in na tsawaita. Abin da ya burge ni, sun yi wayo da suka ƙirƙiri masarautar da babu ita, Jallaba, maimakon su ɗauki sunan Katsina ko Zazzau su jawo wa kansu rigima da masu tarihin. Dawakai da ganuwa da fada duk sun zauna, ka san ƙasar Hausa kake kallo. Rikicin gadon sarauta ne, da sarkin da ke son 'yarsa ta gaje shi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ake ba da tarihin Daurama. Inda ya gaza a wurina, mutanen ciki ba su cika zama mutane ba, kowa na magana da murya ɗaya ta fada, mugu mugu ne tun daga rawaninsa. Na fito ina tuna hotuna, ban fito ina tuna wani mutum ba.

Duk da haka ya fi Amina da Netflix suka saka a 2021 mutunta mu. Wancan an zuba kuɗi, Izu Ojukwu ba ƙaramin darakta ba ne, Ali Nuhu ma na ciki, amma Sarauniyar Zazzau da fadawanta na zuba Turanci, ga sutura da ban san daga wace ƙasa aka aro ta ba. Ni 'yar Zariya ban ga garinmu a ciki ba.

Ku lura da wani abu. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar saboda Turanci ya yi yawa a ciki, ƙa'idar rukunin ita ce mafi yawan maganar ta kasance ba da Turanci ba. Shekarar da ta biyo baya Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ne, kuma daraktansa Desmond Ovbiagele ɗan Kudu ne. Sai ga Mai Martaba. Wato harshen da wasu 'yan fim ɗinmu ke ganin shi ke hana su shiga duniya, shi ne ma tikitin shiga.

Abban Sultan:
Yarabawa sun riga mu gane wannan. Aníkúlápó na Kunle Afolayan a 2022, Jagun Jagun na Femi Adebayo a 2023, duk da Yarabanci tsantsa, da tsafinsu da kirarinsu, Netflix ta ɗauka duniya ta kalla da fassara a ƙasa. Ni Jagun Jagun ya fi mini armashi, ko da yake jinin ya yi yawa kuma wasu wuraren aikin kwamfutar ya fito fili. Amma ku duba me ke bayan abin: Afolayan ya gina ƙauyen fim nasa a jihar Oyo. Mu a 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina mana a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta hayaniya a mumbari da rediyo har aka janye. Yanzu kuma ƙofar ma tana rufewa. A Janairun 2024 Amazon suka daina zuba kuɗi a sababbin finafinan Afirka, a ƙarshen shekarar kuma aka yi ta maganar Netflix ta rage sayen aiki a Najeriya, ko da yake sun ce ba su fice ba. Lokacin da ake rabon, muna can muna faɗa da juna.

Malam Nura:
Alhaji, waɗanda suka ƙi ƙauyen fim ɗin nan ba mahaukata ba ne. Ba a zauna da jama'a an yi musu bayani ba, aka wayi gari aka ce ga abin da za a kawo muku, a lokacin da mutane ke kukan ruwan sha da asibiti. Kuma gini ba ya rubuta labari. Da an gina, da yanzu a cikinsa ake ɗaukar mota tana fakin.

Ɗan Lokeshin:
Malam ka soke ni da wuƙata 😅 Amma da an gina da makarantar koyon aikin a ciki, da watakila yaron da ke rubuta mana kashi na 60 a waya ya san yadda ake rufe labari.

Shugaban Zaure:
Jama'a a bar maganar 2016 haka, mun sha yin ta a nan ba ta taɓa ƙarewa da daɗi ba. A dawo kan finafinai. Baba Na Fagge, mun ga kana karantawa ka yi shiru.

Baba Na Fagge:
Ina jin ku 'ya'yana. Ni na Indiya zan yi wa magana, don mu muka kalle su a Plaza da Orion tun ba a san za a yi fassara ba. Ba ma jin yaren, amma muna fitowa mun san wa aka zalunta, wa ya yi haƙuri, wa Allah ya saka wa. Jikokina sun sa mini Pushpa na biyu da ya fito ƙarshen 2024. Fiye da awa uku, jarumin ɗan fasa-ƙwaurin katako ne, yana wulaƙanta hukuma ana yi masa tafi. Wanda ake kira Animal kuwa, na Ranbir Kapoor, ban iya ƙarasa shi ba. Kakansa Raj Kapoor talaka yake fitowa mai neman gaskiya, jikan ya fito yana karkashe mutane yana taka matarsa, wai don yana son ubansa. Ban ce ba su iya aiki ba, sun iya ƙwarai. Amma yaran unguwarmu da ke yawo da wuƙa ba su rasa inda suke ganin ana ɗaukaka irin wannan ba.

Habu Mai Tura Fim:
Baba Allah ya ƙara girma, amma Pushpa fa ya yi kasuwa. Kuma fassarar ce ke ƙara masa gishiri. Masu fassara irin su Algaita sun san abin da matasa ke so, wani wurin ma abin da suka faɗa ya fi na asalin daɗi.

Baba Na Fagge:
To ai ka faɗa da bakinka, Habu. Wurin da mai fim ya so ka yi kuka, mai fassara ya jefa barkwanci ka yi dariya. Fim biyu ke nan a faifai ɗaya, kuma na Indiyan ba shi kuke kallo ba.

Zee Zariya:
Baba, ni kuma ina ganin wannan ɗin fasaha ce mai zaman kanta. Mutum ɗaya ya yi muryar mutum goma, ya mayar da Hyderabad ta koma Kurna. Matsalar dai ita ce sun kashe wa ƙananan furodusoshinmu kasuwa da kayan da ba su suka kashe kuɗin yin sa ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ku ba mu wuri mu ma. Tun ɗazu ina bin ku, ba wanda ya ambaci finafinan da sunka shafe mu nan Nijar. Akwai Io Capitano, na wani Ba'italiye Matteo Garrone, ya fito 2023, har ya shiga jerin biyar na ƙarshe a Oscar. Samari biyu 'yan Dakar sunka bar gida za su Turai, sunka biyo ta Mali da Agadas, sunka shiga Sahara, sunka faɗa hannun masu azabtarwa a Libiya. Wanga fim ya sa ni hawaye, don hanyar nan mun san waɗanda sunka bi ta ba su dawo ba. Amma ina da ƙorahi. Mutanen Agadas a ciki ba su da fuska, masu amsar kuɗi ne kawai. Ba a nuna cewa jigilar matafiya sana'a ce da gari ya daɗe yana ci da ita a fili ba, sai da anka yi dokar 2015 bisa matsin Turawa ta koma laifi, direbobi sunka koma bin ɓoyayyun hanyoyi inda babu rijiya, mutuwa ta ƙaru. Sojoji sun soke dokar a Nuwamban 2023. Bature ya ba da labarin wanda ya wuce, bai ba da na wanda ke zaune a tashar ba.

In kuna son ku ga bambanci ku nemi Zinder na Aïcha Macky, na 2021. Ɗiyar Damagaram ce, ta shiga unguwar Kara-Kara, inda a da ake ware kutare, ta zauna da 'yan daban wurin da masu fasa-ƙwaurin mai daga Najeriya. Da Hausa suke magana, ba wasa ba ne, rayuwarsu ce. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma zage su ba. Ban ga fim na Hausa da ya kai shi nauyi ba a shekarun nan, kuma ba gidan bene ko ɗaya a ciki.

Ummu Hanan:
Sannu da zuwa mutumin Maraɗi, ka biya ni. Ga abin da nake faɗa tun farko. A ina ake samun sa?

Ɗan Maraɗi:
Hajiya nan ne wuyar. An fi nuna shi a bukukuwan fim na waje da tashoshin Turawa. Irin ciwon da kika faɗa ne game da Mai Martaba.

Abban Sultan:
Haka ma My Father's Shadow na Akinola Davies, wanda a 2025 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da aka zaɓa a hukumance a bikin Cannes na Faransa. Uba da 'ya'yansa biyu a Legas, rana ɗaya, a rikicin zaɓen 1993. Masu sharhi na ta yabo, amma wanda ya tara kuɗi a sinimar Najeriya Funke Akindele ce. Fim ɗinta A Tribe Called Judah shi ya fara haura naira biliyan 1, kuma ta yi dabara, uwa ɗaya da 'ya'ya biyar daga ƙabilu daban-daban, Uzee Usman ya fito a Adamu ɗan Hausa, kowa ya ga nasa a ciki. Ba fim ne mai zurfi ba, ƙarshensa ma an yi gaggawa, amma ta san masu kallonta kuma ta ba su labari cikakke a zama ɗaya.

Sadiya K.:
Ni fa ba wanda ya yi maganar Sinners? Michael B. Jordan ya fito a tagwaye, kiɗan ciki kaɗai ya isa.

Malam Nura:
Wanda ake shan jini? Allah ya kiyashe mu.

Sadiya K.:
Malam shan jinin rabin ƙarshe ne. Rabin farko labarin baƙaƙen fatar Misisipi ne a 1932, masu noman auduga, da yadda ake son kiɗansu ba a son su. Ni a ganina ma da daraktan, Ryan Coogler, bai saka dodannin ba da fim ɗin ya fi kyau, da suka shigo sai ya koma irin wanda muka saba gani.

Zee Zariya:
A'a Sadiya, dodannin su ne maganar. Ba sa shiga sai an ce musu bismillah, kuma abin da suke nema shi ne mawaƙin da baiwarsa. Cire su ki ga me ya rage.

Ɗan Lokeshin:
Na karanta komai, kuma zan yi tambaya ɗaya don in san matsayina. A ce na samu marubuci na gaske, na biya shi ya zauna wata uku, muka yi kashi 8 muka rufe, babu mota mai fakin, babu tallar maganin basir a tsakiyar kuka. YouTube ba zai mayar mini da kuɗina a kashi 8 ba, sai dai in sa shi inda ake biya. Akwai manhajojin namu irin su Northflix da Kallo. A zauren nan wa ya taɓa sa katinsa ya biya don ya kalli fim ɗin Hausa? Ba don gori nake tambaya ba. Na san a 2025 an amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100, data ta yi tsada, Netflix ma sau biyu suka ƙara kuɗi a 2024.

Ummu Hanan:
Ni zan biya, in dai na tabbata kashi 8 ɗin ba zai haifi zango na biyu da na uku ba.

Abban Sultan:
Mu na waje za mu biya, mu ne ma ya kamata ku fara nema.

Ɗan Maraɗi:
Mu kuma ku fara gyara mana hanyar biya da sefa, ba kowa ke da katin bankin Najeriya ba.

Baba Na Fagge:
Ni sai dai jikokina su biya, ban iya abin ba.

Habu Mai Tura Fim:
Yallaɓai ka yi fim ɗinka, Allah ya ba da sa'a. Amma kada in ɓoye maka, mutum ɗaya ya biya da safe, kafin la'asar yana Telegram, kafin magariba yana kwamfutata. In ban tura ba na kusa da ni zai tura. Sai dai ku zo mu zauna, ku ba mu da izini a kan farashi, duk wanda muka tura wa ku samu wani abu. Shagunanmu sun fi sinimomin Arewa yawa, kuma mun san masu kallonku da sunansu.

Ɗan Lokeshin:
An sha gwada irin wannan zaman, Habu, a wajen lissafi ake watsewa. Wa zai ƙirga mini mutum nawa ka tura wa?

Habu Mai Tura Fim:
Turo mini lambarka ta akwatin sirri, akwai yadda muke yi da masu waƙa, sai in nuna maka.